Hattara Sabon Ma'aikacin Jami'a: Kada Ka Jira Sai An Koya Maka

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, barka da arziki. Takardar ɗaukar aiki ta fito. An yi murna a gida, an yi addu'a, 'yan'uwa sun sa albarka. Ka kai takardunka ofishin magatakarda, an buɗe maka fayil, an nuna maka kujerarka. To, dakata. Kafin ka zauna, amsa mini waɗannan tambayoyi.

Idan gobara ta tashi a ginin nan yanzu, ta wace ƙofa za ka fita? Ƙofar a buɗe take ko da kwaɗo? Makullin yana hannun wa? Ina abin kashe gobara yake rataye? Ka taɓa ɗaga shi? A ina ake kashe wutar lantarkin ginin gaba ɗaya? In abokin aikinka ya yanke jiki ya faɗi a gabanka, wa za ka kira? Kana da lambarsa?

In ba ka da amsa, to kana cikin haɗari, kuma haɗarin na yau ne. Kada ka ce za a shirya muku taron bita. Watakila a shirya bayan wata uku. Watakila ba za a shirya ba sam. Wuta ba ta jiran taron bita. Guba ma ba ta jira.

Mutane da yawa suna ɗauka jami'a allo ce da alli da littattafai. Ba haka ba ne. Jami'a gari ce sukutum. Shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko ta Bayero a Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Maiduguri, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ka zagaya da kyau. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje cike da sinadarai. Akwai wuraren walda da kafinta da injuna masu juyawa. Akwai gona da garken dabbobi. Akwai asibiti da ɗakin ajiye gawa. Akwai kicin da tukwanen gas. Akwai ɗakin janareta da tankunan man dizal. Akwai gine-ginen da aka ja wa wayoyin lantarki tun ba a haife ka ba. Duk abin da ke kashe ma'aikaci a masana'anta yana nan a jami'a.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara saboda haɗurra da cututtukan da ke da nasaba da aiki. Kai sabon zuwa kuma, ka fi kowa kusa da bakin ramin. Wata cibiyar bincike kan aiki da lafiya da ke Toronto a Kanada ta gano cewa ma'aikaci a watansa na farko ya ninka wanda ya haura shekara guda har sau uku wajen yiwuwar jin rauni. Me ya sa? Domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. Bai san wace waya ce ke ja ba. Bai san wace matakala ce ta karye ba. Ga kunya. Ga tsoron kada a ce bai iya ba. Ga son ya burge shugaba. Sai ya yi shiru ya sa hannu.

Na ga haka da idona. Wani yaro ne mai shara, bai cika mako uku da fara aiki ba. Aka ce gobe manyan baƙi za su zo duba sashen, a wanke makewayi ya yi fes. Yaron yana so a yaba masa. Ya ɗauki ruwan bilic ya tuttula a bokiti, ya ƙara da maganin wanke masai mai ƙarfi, wai don ya fi ci. Ya shiga ya turo ƙofa. Ba a yi minti biyar ba muka jiyo tari. Muka fito muka same shi durƙushe a bakin ƙofa, ido jajawur, hawaye na zuba, yana kama maƙogwaro. Allah Ya sa da sauran kwana. Da numfashinsa ya daidaita a asibiti, ya kalle ni ya ce, "Malam, wallahi ba wanda ya gaya mini." Gaskiya ya faɗa. An ba shi bokiti, an ba shi tsintsiya, an ba shi makulli. Ba a ba shi magana ɗaya da za ta cece shi ba: bilic da maganin wanke masai in sun haɗu, iska mai guba suke fitarwa, mai ƙona huhu.

Kai ma yau akwai maganar da ba a gaya maka ba. Wace ce? Ba ka sani ba. Shi ya sa dole ka tashi ka neme ta.

Mu fara da wuta.

Duba bangon ofishinka. Ka ga soket ɗin da ya yi baƙi? Ka ga wanda aka cusa wa tsirarun wayoyi biyu aka danne da tsinke? Taɓa ekstenshan ɗin da ke ƙarƙashin tebur. Da zafi? Ƙirga abin da aka jona masa: kwamfuta, firinta, fanka, firji, butar dafa ruwa, cajar waya uku. Kana jin ƙaurin roba lokaci-lokaci? Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Gobara ce take sallama. Kada ka saba da su don ka tarar kowa ya saba. Cire abin da ya yi yawa. Kai rahoto sashen gyare-gyare a rubuce. In an ɗauke wuta, kashe komai kafin ka fita, domin sau da yawa da tsakar dare ake dawo da ita da ƙarfi, lokacin ba kowa a ginin sai takardu da labule. A lokacin hunturu, komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa.

Yanzu je wurin abin kashe gobara. Je yau. Duba allurar da ke kansa, tana kan kore? Duba takardar da ke manne, yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe? Karanta irinsa. Mai ruwa na takarda ne da katako. Kada ka kuskura ka fesa shi a wutar lantarki. Kada ka watsa ruwa a man da ya kama wuta, tashi zai yi ya bi ka. Mai hoda da mai iskar kabon su ne na lantarki. Yadda ake amfani da shi ba wuya: zare ƙusar, saita bakin a gindin wutar, matsa, ka riƙa kaɗawa dama da hagu. Amma ka sani, cikin 'yan daƙiƙu yake ƙarewa. Na ƙaramar wuta ne. In wuta ta fi ƙarfinka, fita. Kada ka koma ɗaukar jaka. Kada ka koma ɗaukar takardun shaidar karatu. In hayaƙi ya cika wuri, rarrafa, domin iska mai kyau tana ƙasa, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. In tufarka ta kama, kada ka gudu. Gudu hura ta yake yi. Faɗi ƙasa ka yi birgima.

Sannan ƙofa. Yawancin gine-ginenmu an sa wa tagoginsu ƙarfe saboda ɓarayi. Ƙofar baya an garƙame ta da kwaɗo, an tara karyayyun kujeru a gabanta, makullin kuma yana aljihun wani da ya tafi hutu. Tsaya ka yi tunani. Bene mai hawa uku, mutum ɗari biyu a ciki, matakala ɗaya. In wutar ta taso daga matakalar fa? Tambayi shugaban sashe wannan tambaya cikin ladabi, amma ka tambaya. In an yi shiru, sake tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka ji warin gas, kada ka kunna fitila, kada ka kashe wadda ke kunne, kada ka ƙyasta ashana don neman inda yake yoyo. Rufe kan tukunyar. Buɗe tagogi. Fitar da mutane. Da ruwan kumfa ake gane yoyon gas. In lantarki ya kama wani, kada ka cafke shi da hannu, ku biyu zai haɗa. Kashe wutar daga tushe. In ba hali, ture shi da busasshen ice. In kai mai gyaran wuta ne, kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta. Za a iya dawo da ita kana kan tsani. Wani zai iya tayar da janareta bai san kana can ba. Kashe babban makunni, sa masa kwaɗo, riƙe makullin a aljihunka, ka gwada wayar kafin ka taɓa.

Janareta kansa fa? Ina aka ajiye shi? A baranda? Ƙarƙashin matakala? Bayan tagarka? Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari. Ba za ka gan ta ba, ba za ka ji ta ba. Sai ciwon kai, sai jiri, sai kasala, sai barcin da ba a tashi. Kana ciwon kai kullum a ofis, in ka fita waje ya lafa? Abokin zamanka ma haka? Kada ka sha maganin ciwon kai ka yi shiru. A fitar da injin nan fili, nesa da taga. Ku masu gadi, kada sanyin dare ya sa ku kwana a ɗakin janareta, kada ku shiga da gawayi mai ci cikin ɗakin gadi ku rufe ƙofa.

Yanzu gare ku, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Ku saurara da kyau.

Ranar 29 ga Disamba 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka, wata matashiya 'yar shekara 23 tana zuƙo wani sinadari da sirinji. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da ɗaukarta aiki. Sinadarin irin wanda ke kamawa da wuta ne da zarar ya sha iska. Sirinjin ya kwance a hannunta. Ba ta sanye da rigar kariya. Rigar sanyin da ke jikinta mai roba-roba ce, nan take ta kama. Bayan kwana 18 ta rasu a asibiti. An ci tarar jami'ar, an gurfanar da farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa a gaban kotu. Wannan bai dawo wa iyayenta da ita ba. Jami'a ce mai kuɗi, mai kayan aiki na zamani. In haka ta faru a can, kai me ya ba ka tabbacin tsira a nan?

Kada ka taɓa sinadarin da ba ka karanta takardarsa ba. Kowane sinadari yana da takardar bayanin haɗarinsa. Nemi a ba ka. In ba ta, nemo ta a intanet da sunan sinadarin. Kwalbar da ba rubutu a jikinta, ɗauke ta a matsayin guba. Kada ka shinshina don ka gane. Kada ka zuba sinadari a robar ruwan sha, wani zai shigo da ƙishirwa. Kada ka zuƙi ruwan gwaji da baki. Kada ka ajiye kunu ko fura a firjin da ake ajiye jini da samfura. Kada ka ci abinci a kan teburin gwaji. In za ka sirka asid, asid ɗin ake zubawa cikin ruwa a hankali. In ka zuba ruwa cikin asid, tafasa zai yi ya fallatso maka a fuska.

Sa farar rigarka ka ɓalla maɓallanta. Sa tabarau. Sa takalmi rufaffe, silifa ba na ɗakin gwaji ba ne. Safar hannu kuma iri-iri ce. A watan Agusta 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth, ƙwararriya a kan ƙarafa masu guba, ta ɗiga ɗigo kaɗan na wani sinadarin makuri a bayan safar hannunta ta roba. Ta ɗauka safar ta kare ta. Ashe gubar ta ratsa cikin daƙiƙu. Sai bayan kusan wata biyar alamu suka bayyana, tafiya ta rikice, magana ta rikice. Ta rasu a watan Yuni 1997. Ƙwararriya ke nan. Kai da ka zo jiya fa? Tambaya: wace safa ce ta wannan aikin?

Gwada famfon ɗakin yanzu. Akwai ruwa? In sinadari ya shiga idonka, kana buƙatar ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, kuma daƙiƙun farko su ne ke raba gani da makanta. In famfon a bushe yake, a tanadi ruwa mai tsabta a kusa kafin a buɗe kowace kwalba. Ranar da ba ruwa, ba gwaji. Kada ka yi aiki mai haɗari kai kaɗai da dare. Wa zai ji ihunka?

'Yar'uwa, wannan taki ce. Gyale da hijabi suna iya lasar harshen wuta ba ki sani ba. Suna iya shiga injin mai juyawa. A watan Afrilu 2011, a Jami'ar Yale, wata ɗaliba tana aiki ita kaɗai da dare, injin gyaran ƙarfe ya kama gashinta ya ja ta. Gawarta aka tarar. Ba wanda ya ce ki bar suturarki. Ki sa ƙaramin hijabi na auduga, ki cusa gefensa cikin rigar aiki, kada ki bar komai yana reto. In kina da juna biyu, ki sanar da likitan jami'a da wuri, domin akwai sinadarai da hasken ɗaukar hoton ƙashi da ke cutar da abin da ke ciki. Kai ma ɗan'uwa, babbar riga da hannun kaftani mai faɗi ba na gaban inji ba ne. Cire zobe. Cire agogo. Kashe inji kafin ka sa hannu ka ciro abin da ya maƙale.

Ku na asibitin koyarwa da asibitin dabbobi, har da masu shara da masu wanki da masu tura marasa lafiya, naku haɗarin ba a ganinsa da ido. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, kuma ma'aikatan jinya ne suka fara mutuwa da shi. A watan Janairu 2020, Kano ta rasa likitoci biyu a asibitin koyarwa saboda wannan zazzaɓi. Jini jini ne, ko na wa. Ɗauki kowane jini a matsayin mai ɗauke da cuta. Sa safa. Wanke hannu da sabulu. Kada ka mayar wa allura murfinta da hannu biyu, a nan ake yawan sokewa. Jefa ta cikin akwatinta na musamman. Kai mai kwashe shara, kada ka danna leda da hannu, kada ka rungume ta a ƙirji. Ba ka san abin da ke ciki ba.

An yi maka rigakafin ciwon hanta nau'in B? Allura uku ce cikin wata shida. In ba a yi maka ba, je ka fara a wannan makon. In allura ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka tafi wurin likita a wannan sa'ar. Akwai maganin da ke tare cutar ƙanjamau kafin ta kama jiki, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Kada ka ce sai Litinin. Kada kunya ta sa ka ɓoye. In kare ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke da ruwa da sabulu na minti 15, ka nemi allurar haukan kare a ranar. Da zarar alamun cutar sun fito, kusan babu mai tashi.

Ku masu aikin gona da lambu da yankan ciyawa, ku masu gadin dare, ku sa takalmi mai tsawo, ku riƙe tocila. Kububuwa ba ta da girma, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Je Kaltungo a jihar Gwambe ka ga asibitin da aka keɓe wa saran maciji, ka ga yadda manoma ke cika shi. In maciji ya sari mutum, kada a ɗaure wurin tamau. Kada a tsaga. Kada a tsotsa. A cire zobe da abin hannu, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Mai feshi, rufe hanci da baki, sa doguwar riga, kada ka fesa iska na busowa ta fuskarka. Kada ka ci goro ko ka sha taba da hannun feshi. Kada ka kai galan ɗin maganin gida a zuba ruwa ko mai. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a yi aiki mai nauyi da sassafe. Wanda ya fara jiri ko surutai a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya da shi asibiti.

Ga wata babba. Kada ka shiga ramin masai, ko rijiya, ko tankin ƙarƙashin ƙasa don an ce ka shiga. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da ƙato cikin numfashi kaɗan. Sau nawa muka ji labarin nan a garuruwanmu? Na farko ya shiga ya faɗi. Na biyu ya bi shi don ceto, ya faɗi. Na uku ma haka. Gawa uku a rami ɗaya. In wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi. Kira 'yan kwana-kwana.

Kai na ofis, kada ka ce wannan duk ba naka ba ne. Tayil da aka goge ba a sa alama ba yana karya ƙugu. Wayar da ta gitta hanya tana kayar da mutum. Kujera mai taya ba tsani ba ce, kada ka hau ta don ɗauko fayil. Kwalin takardu yana gurɗa baya, durƙusa ka ɗaga da ƙarfin ƙafafu, in ya yi nauyi ka kira wani. In kana yini gaban kwamfuta, tashi ka miƙe ƙafa kowace awa. Silin da ya yi ciki bayan ruwan sama, kada ka zauna ƙarƙashinsa. Ɓera a ma'ajiyar takardu ba abin wasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa Lassa. In kuma wani na gaba da kai yana tsangwamarka, ko yana neman ki da lalata, wannan ma cuta ce a wurin aiki. Rubuta rana da lokaci. Kai ƙara. Shiru ƙarfi yake ƙara masa.

In tsautsayi ya auku, taimakon farko ya zama na hankali. Ƙuna, ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri. Jini na zuba, danne da ƙyalle mai tsabta, kada ka saki. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko madara. Wanda ya faɗo daga sama, kada a ciccibe shi kamar buhu, wuyansa na iya zama a karye. Buɗe akwatin taimakon farko na sashenku yau ka gani. Akwai wani abu a ciki?

Sannan a rubuta. Komai ƙanƙantar rauni, a rubuta. Har wanda saura ƙiris ya faru bai faru ba, a rubuta. Wayar da ta ɗan ja ka yau ita ce za ta kashe wani gobe. A Najeriya akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu. Ta ce ma'aikacin da ya ji rauni, ko iyalinsa in ya rasu, ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Wurin aikin kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Neman diyya cikin shekara ɗaya ne. Har haɗarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki tana duba shi. Amma in ba takarda, da me za ka kafa hujja? Riƙe kwafin duk abin da ka rubuta. Riƙe katin asibiti. Gaya wa iyalinka inda ka ajiye. Nemi wakilin ƙungiyarku, ko ASUU ce, ko SSANU, ko NASU, ko NAAT, ka san shi tun kafin ka buƙace shi.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa, ni da ko tabbatar da ni ba a yi ba, in fara ƙorafi? Za a ce na cika iyayi. Za a ce na raina manya. Saurara. Tambaya ba raini ba ce. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yin wannan ba, a nuna mini." Ka ce, "Hajiya, ina safar da ake sawa?" Shugaban kirki zai ji daɗi. In an ce ka hau tsani mai rawa, ko ka shiga rami, ko ka taɓa abin da ba ka sani ba, ka ce a yi haƙuri. Faɗan shugaba na yini ɗaya ne. Yatsa in ya tafi, ya tafi. Ido ba ya tsirowa.

Wani zai ce maka, "Mu shekara 20 muna haka, ba abin da ya same mu." Allah ne Ya tsare shi, ba dabararsa ba. Wani zai ce, "Abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Haka ne, mun yi imani. Amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Jikinka amana ne a hannunka, za a tambaye ka yadda ka riƙe shi.

Ku kuma shugabannin sassa da manyan ma'aikata, waɗannan yara amana ce a wuyanku. Kada ku miƙa wa sabon ma'aikaci makulli kafin ku zagaya da shi ku nuna masa abin da ke kisa. Rabin awa ya isa. Ku buɗe ƙofofin da kuka garƙame. Ku cika tukwanen kashe gobara. Ku sayi safa da tabarau kafin ku sayi labule. Kada ku jira sai kun tsaya gaban mahaifin wani kuna neman kalmar ta'aziyya.

Sabon ma'aikaci, gobe da safe kada ka wuce kujerarka kai tsaye. Bi hanyar fita da ƙafarka har waje, ka tura ƙofar ka ga tana buɗewa. Ɗaga abin kashe gobara ka ji nauyinsa. Nemo babban makunnin wuta. Sa lambar asibitin jami'a, da ta ofishin tsaro, da ta 'yan kwana-kwana a wayarka, ka ƙara da 112 in a Najeriya kake. Sannan ka sami wanda ya fi kowa daɗewa a sashen, ko masinja ne, ko mai shara, ka gaishe shi da girmamawa ka ce, "Baba, a wurin nan me ya taɓa ji wa wani ciwo?" Zai gaya maka. Matambayi ba ya ɓata.

Ka fito neman halal ne don mutanen da ka baro a gida. Suna jiran albashinka, amma sun fi jiran sallamarka da yamma. Tashi ka tambaya tun yau. Allah Ya tsare mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.